Iri a Robar Yogot

Tun ranar da aka hau da Baba bene hawa na huɗu ya tsani robobin nan. Ba sai da aka kwana ba. Yana shigowa ya gan su jere a kan kantocin katako a barandar kicin: robar yogot, robar askirim, faffaɗar robar nan da ake zubo shinkafar gidan abinci a ciki, har da gindin jarkar mai da aka yanke. Kowacce an huda mata ƙasa da ƙusa mai zafi, an zuba 'yar ƙasar da ba ta kai gaɓar yatsa ba, an watsa iri a kai cunkus, babu masakar tsinke.

Aikin mijin Auta ne. Auta ita ce ƙaramar 'yar Baba, a kantin magani take aiki. Mijinta kuwa mai gyaran firji ne, wani dogon mutum mara hayaniya, wanda in ya dawo da yamma ko takalmi ba ya cirewa sai ya leƙa robobinsa. Wani mai gidan abinci da ya taɓa gyara wa firji ne ya koya masa. Akwai sunan Turanci da yake kiran abin da shi, harshen Baba ya ƙi ɗauka, shi ma Baban bai lallashe shi ba. Ciyawar almakashi, haka ya raɗa mata.

Kuma bai yi ƙarya ba. Iri zai tsiro, ya buɗe 'yan ganyensa biyu, ko gama ganin duniya bai yi ba, sai bawan Allan nan ya zo da almakashi ya aske shi ƙasa-ƙasa, ya ɗauraye, ya barbaɗa a kan soyayyen ƙwai. A ce mutumin da ya tsufa da fartanya a kafaɗa shi ne zai zauna yana kallon wannan ɓarna kullum safiya! Abin yana ci masa rai, kuma ba ya ɓoyewa.

"Auta, tambayi mijinki, me tsiron nan ya tare masa?"

Baba ba ya yi wa surukinsa magana kai tsaye. Ko gwiwarsu na gugar juna, sai maganar ta bi ta kan Auta. Da farko kunya ce irin ta surukai, daga baya ta zama hanya mai sauƙi ta gasa wa mutum magana ba tare da an dubi idonsa ba.

Mai gyaran firji sai ya yi murmushi. "Baba, ai yanzu ne ƙarfinsa yake. Ka ɗanɗana ka ji."

"Ki ce masa na ƙoshi. Ni ba akuya ba ne."

Baba yana da nasa irin, kuma shi ne kaɗai abin da ya rage masa a duniya wanda ba wani ne ya saya masa ba. Jan wake ne mai farin ido, cikin wani babban gwangwanin madara mai murfi, an cakuɗa shi da toka saboda ƙwari. Babu irinsa a kasuwa. A hannun mahaifinsa ya karɓa, shi ma mahaifin a hannun nasa uban. Da aka ja titi ta tsakiyar gonarsa, sauran kuma gidaje suka cinye, sai ya zaɓi mafi ƙoshin ƙwaya daga girbin ƙarshe ya rufe a gwangwanin. Babban ɗansa, dillalin motoci, ya dafa ƙirji a ranar ya ce kada Baba ya damu, zai nema masa ko ɗan fili ne ya riƙa motsa jini. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, wasu suka biyo baya. Duk sanda Baba ya yi maganar, amsar ɗaya ce: "Ana kan nema, Baba. Bana in sha Allah."

A ƙarƙashin gado gwangwanin yake, har sai da bangon ɗakin ya fara jiƙa saboda bututun banɗaki. Baba ya ji tsoron danshi, ya taka kujera ya ɗora shi a saman kabad ɗin kicin, can ƙurya. Bai gaya wa kowa ba. A ganinsa abin da kowa ya kamata ya sani ba ya bukatar sanarwa.

Sai aka yi masa aikin yanar ido. Gidan Dillali ya fi kusa da asibiti, kuma babu hawan bene, don haka can ya yi 'yan kwanaki yana jinya. Ya dawo gidan Auta wata safiyar Asabar da baƙin tabarau a fuska da dokokin likita a kunne: ban da sunkuyo, ban da ƙura, ban da shiga rana. Ya shiga kicin neman ruwa, ya ɗan zame tabarau ɗin don ya gwada sabon idonsa. Abin da idon ya fara nuna masa tar, gwangwaninsa ne a kife a kan ragar shanya kwanuka, an wanke shi yana ƙyalli.

"Auta!"

Ihun ya sa har maƙwabciyarsu ta buɗe ƙofa. Auta ta fito da gudu, ɗankwali a hannu, mijinta a bayanta.

"Ina wakena?"

Auta ta dubi gwangwanin, ta dafe kai. Ita ta san shi, amma a saninta yana ƙarƙashin gado. Mijinta kuwa, Allah sarki, fuskarsa wasai.

"Na saman kabad? Ai ni na ɗauka, Baba. Irin da nake saya ne ya ƙare, sai na ga wannan ya daɗe a ajiye har ya yi ƙura, na ce gara a amfana da shi kafin ya lalace. Na wanke shi tas, na jiƙa shi ya kwana, na shuka."

Ƙura! Tokar da Baba ya tankaɗe da hannunsa, ita ce ƙura. Ya riƙe bakin kabad.

"Tambaye shi, duka?"

"Duka, Baba. Ai cunkusawa ake yi."

"Yana ina?"

Mai gyaran firji ya kai su baranda, ya durƙusa gaban kanta ta ƙasa, ya yaye wani baƙin zane. Robobi ne an ɗora su ɗaya bisa ɗaya, a saman ta ƙarshe an aza rabin bulo.

Baba ya daɗe yana kallon bulon.

"Ya danne shi da bulo," in ji shi a hankali. Sai muryar ta fashe. "Ya danne shi da bulo, ya rufe shi a duhu! Auta, ko ɓarawo aka kama ba a yi masa haka!"

"Baba, haka ake yi," in ji mai gyaran firji, yana sauke bulon da sauri. "Nauyin ne yake sa saiwa ta kama ƙasa, duhun kuma ya sa su miƙe. Yau ma nake cewa zan buɗe su. Ka gani."

Ya ɗaga roba ta farko. Wani tsami ya bugi hancinsu. Waken ya kumbura, ya fashe, ya yi yauƙi, wani wurin har ya yi furfura. Ya ɗaga ta biyu, haka. Ta uku, haka. Sai can jefi-jefi, a tsakiyar ruɓar, za ka ga wani ɗan tsiro ya lanƙwaso wuya, fari fat, da 'yan ganye rawaya a manne.

Mai gyaran firji ya tsugunna yana kallo, abin ya ɗaure masa kai da gaske. Shi ya sa ya faɗi abin da bai kamata ya faɗa ba.

"Ikon Allah. Ban taɓa ganin haka ba, kullum cika suke yi maƙil. Baba, anya waken nan ba matacce ba ne tun a gwangwani? Ya kai shekara nawa a ajiye?"

"Matacce?"

Auta ta zaro ido. Wannan karon ba ta kanta maganar ta bi ba. Baba ya juya gaba ɗaya yana nuna surukinsa da yatsa.

"Kai ka kashe shi! Kai! Ka nutsar da shi a ruwa, ka tura shi kabari da ransa, yanzu kuma ka buɗe baki ka ce matacce? Waken da ya ciyar da gidanmu tun kafin a san za a yi ka? Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa? Duk gwangwanin da ka gani a duniya naka ne? Mai aske jarirai kawai!"

"Baba, don Allah," in ji Auta.

"Ke ma rufe min baki! A gidanki aka yi!"

Tambayar surukin dai ta riga ta shiga, kuma ta sami wurin zama. Ba yau Baba ya fara noma ba. Shi da bakinsa ya sha gaya wa matasa cewa irin da ba ya ganin ƙasa kowace shekara, a hankali yake mutuwa a ma'ajiya, ba ihu ba wari. Ya sani. Sanin ne ma ya ƙara hura masa wuta, don babu abin da ya kai gaskiya ciwo in ta fito daga bakin wanda kake zagi.

Ya fizgi cokali daga kicin, ya zube a ƙasa, ya manta da likita da dokokinsa. Ya riƙa bin robobin ɗaya bayan ɗaya yana ciro masu rai da bakin cokali, da 'yar ƙasarsu, yana hura musu iska kamar mai fifita shayi. Da ya gama, duk abin da ya tsira daga cikakken gwangwani bai cika tafin hannu ba. Ya waiga neman inda zai dasa su. Babu tukunya, babu kasko, babu komai a gidan nan sai robobin surukinsa. Dole ya ɗauki robar yogot, da hoton saniya tana dariya a jiki, ya kwashi ƙasar buhun mutumin da ya gama zagi ya zuba. Wannan ma wani wulaƙancin ne, kuma ya ji shi har ƙashi.

Ya wuce ɗakinsa da robar, ya buɗe taga, ya ɗora ta a kan dakalin waje, inda aka lulluɓe da kwanon rufi. Tsiro rana yake so. Waɗannan bayin Allah tun da suka zo duniya ba su gan ta ba.

Mai gyaran firji ya biyo shi har bakin ƙofa.

"Baba, kada a sa su a rana yanzu. Daga duhu suka fito, sai a hankali. Kuma ƙasar ba ta da zurfi, in rana ta juyo wajen nan kwanon yana..."

"Ni za ka koya wa rana?" Baba ya cire hularsa ya buga a gado. "Rana ta gasa ƙeyata tun ana goyonka! Wake a rana yake girma, ba a ƙarƙashin bulo ba! Saurara ka ji. Wallahi tallahi, in ƙafarka ta taka ɗakin nan, ko hannunka ya taɓa robar nan, ban yafe ba. Duniya da lahira ban yafe ba. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Baba."

Auta tana da aikin rana a kanti, lokaci kuma ya ƙure. Ta tsaya a falo tana ɗaura ɗankwali da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Ta ce wa mijinta, mutum ya ga abu a rufe da toka bai iya tambaya ba? Ta ce wa ubanta, mutum ya ajiye dukiyarsa a kicin ɗin mutane bai iya faɗa ba? Ta ja ƙofa har gilashin taga ya amsa.

Baba ya ɗauki waya ya kira Dillali.

"Baba, ya idon?"

"Bar zancen ido. Fili nake so."

"Ai ana kan..."

"In ka sake ce min ana kan nema, na rantse sai na tsine wa bakin nan naka! Irina ya tsiro. Ya tsiro a robar yogot, ka ji abin kunya? Ɗan abin da ya rage ke nan, in ya tafi shi ke nan, na kakanka ya ƙare a hannuna. Mutum ya zo maka da tsakar rana ya ce jar mota yake so mai kujerar fata, kafin la'asar ka nemo masa. Ni uban da ya haife ka, taku goma na ƙasa ya gagare ka? Yau nake so. Ba bana ba, yau!"

Ya kashe wayar ya cillar a kan gado. Amma bai yarda da Dillali ba, wa zai yarda? Ya ɗauki wani tsohon bokitin fenti a bayan ƙofar banɗaki, ya mayar da baƙin tabarau, ya fice neman ƙasa ta gaske, wadda aka san sunanta ƙasa, ba wannan dusar da ake sayarwa a buhu ba. Ko ba fili, ya dasa su a bokiti su sami inda za su miƙe ƙafa.

Kai jama'a, gari ya lalace! Baba ya sauko titi ya duba gabas ya duba yamma, ko'ina siminti. Gaban shaguna siminti, gaban gidaje an shimfiɗa bulo, hatta bishiyoyin bakin hanya an zagaye musu wuya da kankare. A gaban wani asibiti ya ga 'yar gonar furanni, ƙasa baƙa mai kyau, ya tsugunna ya kai hannu ke nan mai gadi ya taso.

"Baba, lafiya? An hana."

"An hana me? Ƙasa?"

"Ta asibiti ce."

"Su suka halicce ta?"

"Ni dai an ce in hana."

Baba ya yi tsaki mai tsawo ya wuce. A wurin da ake wani gini ya sami yashi tsibi guda, wani lebura ya ce ya ɗiba mana, har yana tambaya ko kaji zai yi wa wurin wanka. A bayan garejin makanikai ya sami ƙasa, ya damƙa ya shinshina, baƙin mai ne zalla. Yana tafe yana zagi. Ya zagi mai gadi, ya zagi wanda ya ƙirƙiro siminti, ya zagi injiniyan da ya ja titi a gonarsa, ya dawo ya zagi mai gidan abincin da ya koya wa surukinsa aski. Ta cikin baƙin tabarau duniya ta yi masa luf-luf kamar hadari ya taso, ranar ba ta nuna masa fuskarta ta gaskiya ba. Gumi dai yana bin bayansa, amma yaushe gumi ya zama labari a wurin manomi?

Sai can bayan katangar wata makaranta, inda ruwan famfo ke malala, ya sami ƙasa mai rai, har da tana a ciki. Ya tona da wani fasasshen murfin tukunya, ya cika bokitin. Ya kinkimo shi yana hutawa a kowace kwana, ya hau benen nan hawa-hawa, gwiwoyinsa suna kuka, la'asar ta riga ta yi.

A bakin ƙofar ɗakinsa ya tarar da mai gyaran firji a tsaye. Kwanon ruwa a hannu ɗaya, kwalbar feshi a ɗayan, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Yatsun ƙafarsa suna daidai bakin dokin ƙofa, ba su ƙetare ba.

"Baba, na yi ta kiran wayarka, a kan gado take ƙara. Ta Auta kuma in tana aiki a kulle take a kabad ɗin kanti. Na gwada miƙo zane da sandar goge-goge daga baranda in yi musu inuwa, ba ta kai ba."

Baba ya saki bokitin ya ture surukin nasa ya wuce. Ya kai hannu kan dakalin tagar, kwanon ya ƙone shi har sai da ya janye. Ya ɗauko robar. Da zafi, har ta yi laushi. Ƙasar ta bushe ta janye daga gefe. 'Yan tsirran duk sun kwanta, sun yi lagwaf kamar an tsoma zare a tafasasshen ruwa. Ya cire tabarau ɗin don ya gani da kyau, hasken ya soki sabon idon har hawaye ya zubo. A gona, ko rana ta kai yaya, saiwa tana da inda za ta gudu. A nan babu ƙasa a ƙarƙashin ƙasar, sai roba da kwano mai zafi.

Ya juyo.

"Kana tsaye? Kana kallo suna mutuwa kana tsaye a nan kamar turke?"

"Ka ce ba ka yafe ba, Baba."

"To sai me? Sai me in na ce? Ba ka da hankalin kanka? Da safe da ba a sa ka ba ka iya ɗaukar abin mutane, yanzu da ake bukatarka ka zama mai biyayya?"

Mai gyaran firji ya ajiye kwalbar feshin a ƙasa a hankali. Mutumin nan tun da ya auri Auta ba a taɓa jin muryarsa ta wuce falo ba. Yau ta wuce.

"Baba, na ɗauki wakenka ban tambaya ba. Laifina ne, kuma har in mutu ina jin ciwonsa. Amma tun yaushe kake gidan nan? Kullum ana aiko min da saƙo ta hannun Auta. Ni akuya, ni mai aski, ni ban san darajar iri ba. Ko sau ɗaya ka taɓa aiko min cewa ga abin da ke cikin gwangwanin nan? Da na sani, wallahi da na nemo maka manyan bokitai na cika barandar nan, mu shuka shi tun bara. Ka rantse a kaina da lahira, ka fita ka bar waya. Me kake so in yi? In na shiga ni ne mara kunya, in ban shiga ba ni ne turke!"

Baba ya dubi robar da ke hannunsa. Haushin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, sai dai ya rasa wanda zai sauke wa.

"Kawo ruwan," in ji shi.

"In shigo?"

"Ka shigo mana! Sai na rubuta maka takarda?"

Ba a zuba musu ruwa ta sama ba. Mai gyaran firji ya ce ta ƙasa ake ba su, kuma wannan karon Baba bai musa ba. Suka tsoma gindin robar a kwanon ruwan, suka ajiye a inuwa bayan ƙofa, suka tsugunna su biyu suna kallo. Ƙasar ta tsotsi ruwa ta hudojin ƙusa, ta yi baƙi, ta kumbura. Mai gyaran firji ya ce wani lokaci sukan ɗago. Baba ya matso kusa da robar. Yana kallon kowane tsiro ɗaya-ɗaya, leɓensa na motsi, ba a san ko addu'a yake yi ba ko zagi.

A haka Auta ta dawo ta same su. Ta ga bokitin ƙasa ya tuntsure a falo, ta ga ubanta ba tabarau, idon ya yi ja. Ta ajiye jaka ba ta ko tambaya ba, ta tsugunna ita ma.

Rana ta sauka daga tagar, ɗakin ya fara sanyi. Babu tsiron da ya ɗago. Baba ya sa yatsa ya tallafo wuyan wanda ya fi girma a cikinsu, a hankali, yadda ake ɗaga kan mara lafiya. Wuyan ya rabu da jikin, ya manne masa a yatsa.

Sai waya ta yi ƙara a kan gado.

Auta ta miƙo masa. Dillali ne, muryarsa har falo ana ji, cike da fara'a.

"Baba! Albishirinka! An samu! Akwai wani da na sayar wa mota kwanaki, yana da fili a bayan ma'ajiyar kayansa, da katanga, da famfo, ba abin da yake yi da shi. Ya ce ka noma iya son ranka, har ya ce girmansa ne. Ka ga abin da sauƙi ashe! Waya biyu kawai na buga."

Baba ya miƙe tsaye. Gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Maimaita. Waya nawa?"

"Biyu rak, Baba! Ta farko bai ɗauka ba ma. Gobe da safe zan turo a ɗauke ka, ka taho da irin."

Auta ta sa hannu ta rufe baki. Mai gyaran firji ya sunkuyar da kai yana kallon ruwan da ke kwanon. Baba kuwa duk zagin da ya wuni yana rabawa a titi, da na mai gadi, da na siminti, da na suruki, ya laluba ya ji babu ko ɗaya da ya kai girman wannan. Duk daminar da ta wuce yana zaune a hawa na huɗu yana jin ƙamshin ruwan farko ta taga, duk waken da ya mutu shiru a cikin toka yana jira, ashe waya biyu ce.

"Baba? Kana ji na? Ba ka ce komai ba."

"Ina jin ka," in ji Baba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Irin ya mutu ɗazu da la'asar. Na kakanka ya ƙare. Ka je filin ka shuka mota."

Ya kife wayar a kan gado bai kashe ba. Muryar Dillali ta ci gaba da fitowa daga cikin katifa tana kiran Baba, Baba, kuma babu wanda ya miƙa hannu ya ɗauka.